Ciwon hanta da neman kuɗin naƙasa a Amurka: wane irin lauya ya fi dacewa da kai?

Kafin mai ciwon hanta a Amurka ya fara buga waya ofisoshin lauyoyi, ya kamata ya san cewa ba a farashi ake bambanta su ba. Doka ce ta yanke ladan duk wanda zai tsaya maka a gaban hukumar Social Security mai biyan kuɗin naƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da SSA. Babban kamfanin da ke talla a talabijin da lauyan da ofishinsa bai wuce ɗaki biyu ba, kusan kuɗi ɗaya za su karɓa. Inda suke rabuwa shi ne wanda zai zauna ya bi takardun gwajin jininka ɗaya bayan ɗaya, ya jera kwanan watansu, ya ga inda aka bar giɓi. A ƙarar ciwon baya ko ta damuwa, iya tsara bayani a gaban alƙali yana da nauyi sosai. A ta hanta kuwa, lambobi da ranaku ake fara dubawa.

Maganar ta shafi mutanenmu da ke can fiye da yadda ake zato. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Afirka ta Yamma, kuma da dama sun ɗauke shi tun suna jarirai, ya yi shekaru talatin ko arba'in bai nuna kansa ba. Mutum yana tuƙin tasi a New York ko yana kula da tsofaffi a Maryland, sai wata rana ƙafa ta kumbura, ido ya yi shawara, likita ya ce hanta ta yi tabo ta taurare, abin da suke kira sirosis.

Yadda ake biyan lauya, da inda kuɗi ke ɓuya

A yarjejeniyar da aka saba, lauya yana karɓar kashi 25 cikin 100 na ariyas, wato kuɗin watannin baya da suka taru kafin a amince da buƙatarka, amma ba zai wuce dala 9,200 ba. Wannan iyaka ta fara aiki ranar 30 ga Nuwamba 2024, kafin nan dala 7,200 ce. Idan an yanke maka dala 1,500 a wata kuma wata 20 sun taru, ariyas ɗinka dala 30,000 ne, lauya ya ɗauki 7,500. Idan ariyas ya kai 48,000, kashi ɗaya bisa huɗu zai zama 12,000, amma a 9,200 za a tsaya. Ba a taɓa kuɗinka na wata-wata na gaba, kuma idan ba a yi nasara ba babu lada. Hukumar da kanta take cire kuɗin ta tura wa lauya. Duk wanda ya ce ka fara biyansa lada a hannu ba tare da amincewar hukumar ba, ya saɓa doka, ka tashi ka bar ofishinsa.

Wurare uku ne lissafin ke canzawa. Na farko kuɗin ɗawainiya: abin da asibiti ke caji don kwafin fayil, da abin da wasu likitoci ke karɓa kafin su cike fom. Wannan ba ya cikin kashi 25 ɗin. Wasu ofisoshi suna yafe shi, wasu sai an ci ƙara suke karɓa, wasu kuma ko an faɗi sai ka biya. Mai ciwon hanta da aka kwantar sau uku ko huɗu fayil ɗinsa kan kai shafi dubu, don haka tambayar ba ƙarama ba ce. Na biyu, yarjejeniya mai hawa biyu: iyakar 9,200 tana aiki har zaman farko a gaban alƙali, idan aka wuce nan lauya zai rubuta wa hukuma takardar neman lada bisa awannin da ya yi, kuma abin zai iya haura iyakar. Ba zamba ba ce, amma ka karanta kafin ka sa hannu. Na uku, sauya lauya a tsakiyar tafiya. Idan na farko bai yafe ladansa a rubuce ba, yarjejeniyar sauƙi ta rushe, kowannensu sai ya nemi nasa daban, kuma lauyoyi da yawa ba sa son karɓar ƙarar da wani ya riga ya sa wa hannu. Shi ya sa zaɓin farko yake da nauyi.

Wane shiri kake nema tukuna?

Shiri biyu ne, ma'aunin rashin lafiyarsu ɗaya, sauran sharuɗɗansu daban. SSDI inshora ce ta wanda ya yi aiki aka cire masa haraji. Ana tara maki, huɗu a shekara iyaka, kuma a 2025 kowace dala 1,810 ta albashi maki ɗaya ce. Wanda ya kai shekara 31 zuwa sama galibi yana buƙatar maki 20 a cikin shekara 10 da suka gabaci naƙasar, tare da jimillar da ke ƙaruwa da shekarunsa har zuwa 40. Aikin da ka yi a Kano ko Maraɗi ko Kumasi ba ya shiga lissafi, domin Amurka ba ta da yarjejeniyar haɗa shekarun aiki da Najeriya, Nijar ko Ghana. Aikin da aka biya ka a hannu ba ka bayyana wa masu haraji ba, shi ma haka. Akwai kuma ranar da inshorar ke ƙarewa, wadda za ka gani a fayil da haruffan DLI, yawanci kimanin shekara biyar bayan ka daina aiki. Dole a nuna naƙasar ta fara kafin wannan rana. Lauyan da bai tambaye ka ita a ganawar farko ba, bai fara aiki ba.

SSI kuwa tallafin marasa ƙarfi ne, dala 967 a wata ga mutum ɗaya a 2025, kuma dukiyar da ake ƙirgawa kada ta wuce dala 2,000, ko 3,000 ga ma'aurata. A nan takardar zama ke shigowa. Mai girin kad, wato takardar zama ta dindindin, da ya shiga ƙasar daga 22 ga Agusta 1996 zuwa yau, yawanci ba ya samun SSI sai ya yi shekara biyar kuma yana da maki 40, ko ya zama ɗan ƙasa. 'Yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafaka suna samu na shekara bakwai. Fili ko gida da ka mallaka a gida Afirka dukiya ce da ake ƙirgawa, ɓoye ta kuma yana jawo a nemi ka mayar da duk abin da ka karɓa.

Abin da lauyan hanta ya kamata ya sani ba tare da ya buɗe littafi ba

Hukumar tana da kundin cututtuka. Wanda ya cika sharaɗin da ke ciki an amince da shi ba tare da an duba shekarunsa ko sana'arsa ba. Sashen ciwon hanta mai daɗewa shi ne 5.05, kuma an sabunta shi ranar 6 ga Oktoba 2023. Wannan sabuntawa ma'auni ce mai kyau ta gwada lauya, domin har yanzu akwai masu faɗin tsofaffin lambobi.

Ƙofofin sashen bakwai ne, ɗaya ta isa. Zubar jini daga kumburarrun jijiyoyin maƙogwaro ko tumbi, wanda hoto ko na'urar leƙa ciki ta tabbatar, ya girgiza hawan jini da bugun zuciya har aka kwantar da mutum aka ƙara masa jini aƙalla leda biyu: wannan yana ba da shekara ɗaya daga ranar ƙarin jinin, sannan a sake dubawa. Taruwar ruwa a ciki ko a ƙirji, sau biyu cikin wata 12 a jere, tsakaninsu aƙalla kwana 60. Idan an zuƙe ruwan da allura, takardar zuƙewar ta wadatar. Idan hoto ne kawai ko duban likita, sai an haɗa da gwajin jini: albumin (furotin da hanta ke yi) na 3.0 ko ƙasa, ko INR (ma'aunin daskarewar jini) na 1.5 ko sama. Kamuwar ruwan ciki da ƙwayoyin cuta, inda gwaji ya nuna fararen ƙwayoyin jini nau'in niyutirofil 250 ko fiye, sau ɗaya ya isa. Sai taɓuwar ƙoda saboda hanta, wadda kiriyatinin (ma'aunin aikin ƙoda a jini) na 2 ko sama ke cikin alamominta, da taɓuwar huhu saboda hanta. Sai ruɗewar ƙwaƙwalwa sakamakon gubar da hanta ta kasa tacewa, wadda ita ma sai an rubuta ta sau biyu da tazarar kwana 60 cikin wata 12, tare da tarihin aikin TIPS (saka bututu a cikin hanta don rage matsin jini) ko wata alama kamar kaɗawar hannu idan an miƙe shi. Ta ƙarshe, makin da hukumar ke kira SSA CLD ya kai 20 sau biyu da irin wannan tazara. A tsohon tsari 22 ne cikin wata shida.

A makin nan ne ake gane wanda ya iya. Ana fitar da shi daga kiriyatinin, bilirubin (sinadarin da ke sa shawara), INR da sodiyam (gishirin jini), kuma dole gwaje-gwajen kowane maki su faɗo cikin kwana 30. Yana kama da makin MELD da asibitocin dashe ke amfani da shi, amma ba lallai su zo ɗaya ba, tun da a 2023 asibitoci sun koma sabon lissafin MELD mai haɗa albumin da jinsi. Saboda haka ganin “MELD 21” a takardar likita bai isa ba, sai an sake lissafi da tsarin hukumar. Kuma INR da aka auna lokacin da mutum ke shan maganin tsinka jini ba a karɓarsa. Kuskuren da ya fi yawa mai sauƙi ne: gwaji biyu masu kyau, amma tsakaninsu kwana 52. Ko an ga ruwa a hoto a watan Maris, ba a auna albumin ba sai Yuni. Lauyan da ya lura da wuri zai rubuta wa likitan hanta ya roƙi a haɗa gwajin a ziyara ta gaba. Wanda bai buɗe fayil ba sai ana saura mako guda a zauna gaban alƙali, babu abin da zai iya gyarawa.

Dashen hanta yana ƙarƙashin 5.09, shekara ɗaya daga ranar aikin. Sankarar hanta tana 13.19, kuma tana cikin jerin cututtukan da hukumar ke gaggauta wa hukunci, ita da taɓuwar ƙoda da ta huhu da muka ambata. Wanda ke jerin jiran dashen hanta ma ana iya sa wa fayil ɗinsa alamar gaggawa.

Sai dai yawancin masu neman ba su kai waɗannan lambobi ba. Sunan cuta kaɗai ba ya cin ƙara. Nau'in C ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12, nau'in B ana danne shi da tenofovir ko entecavir, doka kuma tana son naƙasar da ta yi ko za ta yi wata 12. Ga irin waɗannan sai a koma auna ragowar ƙarfin aiki: awa nawa za ka iya tsayawa, nauyi nawa za ka ɗauka, sau nawa za ka bar bakin aiki. Mai shan lactulose, maganin rage gubar da ke ruɗa ƙwaƙwalwa, ana so ya yi bayan gida sau biyu ko uku a rana, kuma maganin ba ya duba agogo. Mai shan furosemide da spironolactone, magungunan rage ruwan jiki, fitsari ba ya barinsa ya zauna. Ranar zuƙe ruwa ranar fashin aiki ce. Ga barcin rana da rashin barcin dare, ga mantuwa. A zaman alƙali akwai masanin sana'o'i da ke ba da shaida, kuma galibinsu sukan ce fashin da ya wuce kwana ɗaya ko biyu a wata, ko barin aiki fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na yini, ba ya barin mutum ya riƙe kowane aiki. Aikin lauya shi ne ya sa likitanka ya rubuta waɗannan da lambobi. Wasiƙar da ta ce “majiyyacina ba zai iya aiki ba” ba ta da amfani, musamman tun daga ƙararrakin da aka shigar ranar 27 ga Maris 2017, lokacin da aka daina fifita ra'ayin likitan da ke duba mutum, aka koma duba ko ra'ayin yana da hujja kuma ya dace da sauran fayil. Shekaru ma suna taimako: daga 50, sannan daga 55, ƙa'idojin suna sassautawa, kuma tun Yuni 2024 aikin shekara biyar na baya kawai ake dubawa, ba 15 ba.

Akwai maganar da ba a son yi. Tun 1996 doka ta hana biyan wanda giya ko ƙwaya ce ginshiƙin naƙasarsa. Tambayar da ake yi ita ce, da zai daina yau, naƙasar za ta tafi? Hantar da ta riga ta lalace ba ta dawowa, don haka ana iya cin ƙarar ko da giya ce sanadi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗa wa lauya gaskiya a ɗaki, kada ya fara jin ta a bakin alƙali. Akasin haka ma yana faruwa: wanda bai taɓa kurɓa ba sai ya tarar wani likitan gaggawa ya rubuta masa giya bisa zato, kalmar kuma ta yi ta bin fayil daga shafi zuwa shafi. Haka batun jiƙe-jiƙe da saiwoyi, da tafiya gida ta wata huɗu da ta bar fayil babu ziyarar asibiti ko ɗaya. Duk ana iya bayaninsu idan lauya ya sani da wuri.

Masu tsaya wa mutum, da abin da kowanne ya iya

Babban kamfani mai aiki a duk jihohi yana da tsari. Suna amsa waya, suna da ma'aikata masu bin asibitoci don karɓo fayil, ba kasafai wa'adi ke kuɓuce musu ba, kuma da yawansu suna karɓar ƙara tun daga cike fom na farko. Rauninsu shi ne wanda ke riƙe da fayil ɗinka yawanci ba lauya ba ne, yana iya canzawa sau biyu ko uku, lauyan da zai tsaya maka kuma wataƙila sai ana gab da zama za ku fara magana. Ga wanda ƙararsa a fili take, kamar wanda aka yi wa dashe ko aka ƙara wa jini leda huɗu, wannan ba matsala ba ce. Ga wanda makinsa ke yawo tsakanin 17 da 21, muna ganin kasada ce.

Lauyan gari da ya keɓe kansa ga ƙararrakin naƙasa ya san alƙalan ofishin yankinsa, ya san wanda ke son taƙaitaccen bayani a rubuce kafin zama da wanda ke matsa tambaya kan giya. Ya san sakatariyar asibitin hanta da ke sa likita ya cike fom. Lauya mai lasisin kowace jiha yana iya tsayawa a gaban hukumar a ko'ina, kuma yanzu ana yin zama da yawa ta waya ko bidiyo, don haka kusanci ya rage daraja, amma bai ƙare ba. Rauninsa ƙarancin hannu: idan shi kaɗai ne da mataimakiya ɗaya, kiranka zai iya kwana uku ba a mayar ba. Wasu kuma ba sa karɓar ƙara sai an ƙi ta sau ɗaya, domin wadda aka ci da wuri ariyas ɗinta kaɗan ne. Ga ƙarar hanta mai sarƙaƙiya, wannan rukuni muka fi karkata gare shi, da sharaɗin ya ci jarrabawar tambayoyin da ke ƙasa.

Akwai wakilan da ba lauyoyi ba. Doka ta yarda da su, kuma waɗanda suka ci jarrabawar hukumar, suka riƙe inshorar sana'a, aka binciki tarihinsu, ana biyansu kai tsaye kamar lauya, da iyaka iri ɗaya. Wasunsu tsofaffin ma'aikatan tantance naƙasa ne ko ma'aikatan jinya, kuma irin waɗannan sukan fi lauyoyi da yawa iya karanta gwajin hanta. Kada kalmar “ba lauya ba” ta kore ka. Iyakarsu ɗaya ce babba: ba sa shiga kotun tarayya. Idan ka zaɓi ɗaya, tambaye shi lauyan da yake miƙa wa ƙara idan ta kai can.

Ofisoshin taimakon shari'a kyauta suna karɓar marasa ƙarfi, galibi waɗanda samunsu bai wuce kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya ba. Sun fi kowa sanin SSI, da Medicaid (inshorar lafiya ta marasa ƙarfi), da inda takardar zama ke cin karo da tallafi. Layinsu ne dogo. Ma'aikatan jin daɗin jama'a na asibitocin dashe su ma suna taimakawa da fom na farko ba tare da ko sisi ba.

Sai wanda aka fi faɗawa hannunsa: lauyan da jama'a suka sani, wanda ya yi wa rabin masallaci takardun zama ko ƙarar haɗarin mota. Amana tana da daɗi, jin harshe ma haka, amma wannan fage ne mai ƙa'idojinsa. Ka roƙe shi ya haɗa ka da wanda sana'arsa ke nan. Ƙungiyar NOSSCR ta wakilan masu neman kuɗin Social Security tana haɗa mutane da lauyoyi, ƙungiyar lauyoyi ta kowace jiha kuma tana nuna lasisin mutum da ko an taɓa hukunta shi. Inda lauyan shige da fice yake da amfani shi ne kafin mai girin kad ya nemi SSI, ko kafin doguwar tafiya gida: SSI yana tsayawa idan ka yi kwana 30 a jere a waje, SSDI na wanda ba ɗan ƙasa ba kuma yana iya tsayawa bayan wata shida.

Matakin da kake ya fi komai yanke zaɓi

Matakan biyar ne: buƙatar farko da ofishin jiha ke tantancewa, sake dubawa, zama gaban alƙalin hukuma, kwamitin ɗaukaka ƙara, sai kotun tarayya. Tsakanin kowane mataki kwana 60 ne, da ƙarin biyar na isowar wasiƙa. Mafi yawan buƙatun farko ana ƙin su, sake dubawa ta fi tsauri, a gaban alƙali ne dama ke buɗewa. Wani rahoton GAO, ofishin bincike na majalisar dokokin Amurka, na Disamba 2017 ya nuna masu wakili a wannan mataki ana amince musu kusan ninki uku na marasa wakili. A karanta shi da hankali, domin lauyoyi suna zaɓen ƙararraki masu ƙarfi tun farko, amma tazarar ta yi faɗin da ba za a raina ta ba.

Mai sankarar hanta ko wanda ke jiran dashe zai iya shigar da buƙata yau da taimakon ma'aikacin asibiti, bai kamata ya ɓata mako uku yana neman lauya ba, kuma zai riƙe ariyas ɗinsa duka. Mai sirosis da ruwa ya fara taruwa ko ƙwaƙwalwa ta fara ruɗewa, gara ya ɗauki wakili tun farko, domin fom na ayyukan yau da kullum mai lamba SSA-3373 shi ke kayar da mutane. Ɗabi'armu ce idan an tambayi jiki a ce da sauƙi, alhamdulillahi. A gaisuwa daidai ne. A fom da kuma ɗakin likita, ana rubuta shi a matsayin shaida cewa ka warware. Wanda aka ƙi kuma, ya ɗaukaka ƙara, kada ya sake sabuwar buƙata, domin sabuwa tana iya cinye masa watannin baya, SSDI kuma wata 12 kawai yake komawa kafin ranar shigarwa. Wanda alƙali ya riga ya ƙi, lauya mai zuwa kotun tarayya kaɗai zai nema. A can kuɗin shigar da ƙara dala 405 ne, ana yafe wa marasa hali, kuma idan an yi nasara gwamnati kan biya wani ɓangare na ladan lauya ƙarƙashin dokar EAJA.

Idan kana da inshorar naƙasa ta wurin aiki, wannan wata shari'a ce daban, yawanci ƙarƙashin dokar ERISA ta 1974. Wa'adin ɗaukaka ƙara kwana 180 ne, iyakar 9,200 ba ta aiki, kuma shaidar da ba ka saka a wannan mataki ba da wuya kotu ta karɓe ta daga baya. Kamfanin inshorar zai iya ba ka wakili kyauta don neman SSDI. Ka san dalili: duk abin da hukumar ta biya ka, zai rage daga nasa, har ya nemi ka mayar masa daga ariyas. Wakilin zai iya yin aiki mai kyau, amma ka tambayi wane bayani naka yake miƙa wa kamfanin.

Ganawar farko

Kyauta ce kusan ko'ina, don haka ka ga biyu ko uku. Je da gwajin jini na wata 12, takardun sallama daga asibiti, sakamakon hoto da FibroScan (gwajin taurin hanta), jerin magunguna, da duk wasiƙar hukumar da ambulan ɗinta. Idan mantuwa ta fara, je da matarka ko ɗanka, su ma shaidu ne, domin mai ruɗewar ƙwaƙwalwa shi ne na ƙarshe da ke sanin ta same shi.

Ka ce masa: “Barista, a cikin ƙofofin 5.05 wacce na fi kusa da ita, me ya rage?” Wanda ya iya zai jawo takardun ya fara duba ranaku. Tambaye shi wa zai lissafa makin SSA CLD, wa zai tsaya ranar zama, kuma yaushe za ku zauna shiri. Tambaye shi ko yana roƙon alƙali ya yanke hukunci bisa fayil ba tare da zama ba idan lambobin sun cika, domin hakan yana rage watanni, ko da yake yana rage ladansa. Tambaye shi yadda yake bi da ƙa'idar sanar da shaida aƙalla kwana biyar na aiki kafin zama. Wanda ya yi maka alkawarin nasara, ko ya ce ya san wani a ciki, ka gode masa ka fita.

Ka tayar da batun tafinta da kanka. Hukumar tana bayarwa kyauta, amma na Hausa sai an nema da wuri, kuma ka faɗi ko Faransanci kake haɗawa da ita ko Turanci, don a samo wanda kunnenka ya saba da shi. Tun 27 ga Afrilu 2020 rashin jin Turanci ya daina zama dalilin sassauci a ƙa'idojin, lauyan da ya ce maka zai taimaka yana aiki da tsohuwar doka.

Abu biyu da za ku yi magana a kansu tun kafin ranar. Alƙali kan ce zai amince idan ka yarda a matso da ranar fara naƙasa gaba. Kowane wata da aka matsar yana rage ariyas, kuma yana jinkirta Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, wanda sai bayan wata biyar na jira da wata 24 na cancanta yake farawa. Ga mai jiran dashe wannan ba ƙaramin abu ba ne, kada a yanke shi cikin minti biyu a baranda. Na biyu, idan ta Allah ta kasance kafin hukunci, ƙarar SSDI ba ta mutuwa: mata ko 'ya'ya suna iya maye gurbi da fom HA-539 su karɓi ariyas. A SSI hanyar ta fi ƙunci, yawanci sai matar ko mijin da suke zaune tare. Fom ɗin naɗa wakili shi ne SSA-1696. Karɓi kwafinsa da na yarjejeniyar lada a ranar da ka sa hannu, ka ajiye su inda iyalinka suka sani.